Rasuwar Tayoyin Ƙanƙara Huɗu na Gidan Koskela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta yi nauyi, ni Marlys Koskela, matar marigayi Arvid Koskela, ta gidan ƙarshe a hanyar tsakuwa da ta bi bayan tsohuwar mahaƙar tagulla, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da 'yan cocinmu, da duk wanda ya taɓa ɗaga mini hannu a hanya, rasuwar tayoyin ƙanƙara guda huɗu na motata, irin waɗanda ake ɗaurawa da hunturu don kada mota ta zame. Sun rasu da safiyar Laraba, wajen ƙarfe tara da rabi, a kwanar da ke gangaren gada, saura mil goma sha ɗaya a shiga gari. Ta gaba ta dama ta fashe nan take a bakin kwalbati. Sauran ukun an kai su gareji da sauran iska a cikinsu, amma makaniki ya duba ya ce babu abin da ya rage. Suna cikin hunturunsu na takwas.

Marigayan sun shigo gidan nan a watan Oktoba na shekarar da likita ya ga wani abu a huhun Arvid. A lokacin bai faɗa mini ba tukuna. Ya dai tafi gari da hantsi, ya dawo da su a bayan akori-kura, baƙaƙe wuluk, suna warin sabuwar roba.

Na ce, "Me za ka yi da sababbi? Na bara ai da sauransu."

Ya ce, "Na bara nawa ne, na san halinsu. Waɗannan naki ne."

Ban gane ba. Shekara arba'in ina tuƙi, amma da ƙanƙara ta sauka Arvid ke karɓar sitiyari, ni in zauna a gefe ina riƙe da fulas. Shi ya ɗaura su da hannunsa a tsakar gida, ya ɗauki fenti rawaya ya rubuta wa kowace wurinta a cikin cinyarta, gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama, da wannan karkataccen rubutun nasa. Da ƙanƙarar farko ta kwanta sai ya kai ni filin ajiye motoci na coci, ranar Talata, babu kowa, ya sauka ya zagayo ya ce in matsa.

"Ki taka totur kamar za ki shiga ɗakin da jariri ke barci," in ji shi. "In baya ya fara zamewa, kada ki zuba wa rami ido. Inda kike so ki je, can za ki duba."

Na juya motar sau uku kamar faifai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce a sake. Muka yi ta yi har na iya. A wannan hunturun tayoyin suka kai shi asibiti sau ashirin da biyu, ni ke tuƙi, ba su zame ko taku ɗaya ba. Ya rasu a watan Maris, kafin a kwance su.

Duk wanda ya san marigayan zai shaide su da haƙuri da riƙon amana. Ba su taɓa ƙin hawa tudun gidana ba, tudun da mai kawo wasiƙa yake tsayawa a gindinsa ya ƙarasa da ƙafa. Sun san hanyar daji da ke zuwa gonar itacen Arvid, wadda ba hanya ba ce, sawu biyu ne kawai tsakanin bishiyoyi. Sun bi ta cikin taɓon Nuwamba da lodin itacen wuta a baya, sun bi ta cikin caɓin Afrilu, lokacin da ƙasa take narkewa daga sama tana daskare daga ƙasa. Sau ɗaya suka kafe, laifin kuma nawa ne, na tsaya a inda bai kamata a tsaya ba. Da na rage musu iska kaɗan na shimfiɗa musu rassa, suka fito ba gardama.

Ba masu yawan magana ba ne, amma suna da murya. A kan sabuwar ƙanƙara cewa suke ƙurus, ƙurus, kamar saniya na cin kara. A kan kwalta busasshiya sai su yi wani gunji siriri, kamar mai rera waƙar coci da baki rufe. Bayan rasuwar Arvid na daina kunna rediyo a mota. Su nake saurare.

Babban aikinsu na shekara ukun ƙarshe shi ne jigilar maƙwabcina, Waino Lahti. Tsohon mai saran itace ne, shekararsa tamanin da ɗaya, matarsa ta rasu, idanunsa sun daina ganin layin hanya. Ana yi masa wankin ƙoda a gari ranakun Litinin da Laraba da Juma'a, mil talatin da huɗu zuwa, talatin da huɗu dawowa. Ba abu ne da ake ɗagawa don yanayi ya ɓaci ba. Ɗansa ɗaya ne, yana can kudu inda ba a san ƙanƙara ba, kuma tun tuni yake so ya ɗauke uban ya kai shi gidan kula da tsofaffi a kusa da shi. Waino ya ce a gidan da aka haife shi za a ɗauki gawarsa. Abin da ya bar shi a gidan nan shi ne akwai mai kai shi. Mai kai shi kuwa ni ce, da waɗannan huɗun.

Ina da shekara sittin da takwas, amma "yarinya" yake ce mini. Da ya hau ya ɗaura bel sai ya fara.

"Yarinya, da wannan gudun naki, in Allah ya so za mu isa kafin bikin Ista."

"Tsoho, in sauri kake, ga ƙofa nan."

"Ni da na tuƙa motar gungume a kan tafki daskararre."

"Shi ya sa har yau ake neman motar."

Haka muke zuwa, haka muke dawowa.

Rashin lafiyar marigayan ya soma ne a bara. Na taka birki a mahaɗar coci, motar ta ƙara taku biyu bayan inda na nufa ta tsaya. Na ce santsi ne ya yi yawa. Ta sake yi a bakin kantin kayan gona, na ce raina ne ba ya wurin. Da Nuwamban bana ya zo na ɗora su a baya na kai wa Duane Pelkie, makanikin da ke ɗaura mini su kowace shekara. Ajinsu ɗaya da 'yata Renae tun firamare, ya ci tuwon gidana ba adadi. Ya mirgino ta farko, ya shafa ta, ya ciro kwabo daga aljihu ya soka a cikin zanenta. Kwabon bai nutse ba. Ya nuna mini tsage-tsagen da suka fito a gefenta kamar faso.

"Mama Marlys, waɗannan sun gama aiki. Sun suɗe, robar ma ta bushe. Taɓa ki ji, kamar katako."

"Su ƙara hunturu ɗaya."

"Bara ma haka kika ce."

"Bara ai sun ƙara."

"Ina da sababbi daidai motarki, kafin ki shanye kofin nan na ɗaura."

"Duane, ka ɗaura waɗanda na kawo."

Ya tsaya da kwabon a hannu. Ya juya tayar, ya ga rubutun rawaya, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ba ke kaɗai ke hawa motar nan ba, Mama."

Na ce, "Na san wanda ke hawa motata tun kafin ka iya ɗaure takalmi."

Ya ɗaura su. Ina so a sani ba rashin hali ne ya hana ni sauya su ba, ba kuma rashin mai faɗa mini ba. Na kasa ganin an jefa su kan tulin da ke bayan gareji, shi ke nan.

Ranar Litinin ta makon da abin ya faru rana ta ɗan fito, saman hanya ya narke. Talata sanyi ya dawo ya daskarar da shi kamar gilashi. Kafin wayewar garin Laraba iskar da ke tasowa daga babban tafkin yankinmu ta zubo da sabuwar ƙanƙara ta lulluɓe komai, har hanyar ta yi kyan gani. Na ɗauki Waino ƙarfe tara saura. Ya shigo yana mita cewa an hana shi kofi sai rabin kofi, wai rabin kofi zagi ne.

Ba gudu nake ba. Wannan kam zan iya rantsewa. Na sauko gangaren gada a giya ta biyu, na ɗaga ƙafa daga totur tun daga sama kamar yadda aka koya mini. Abin da na fara ji shi ne shiru. Ƙurus ɗin nan ya ɗauke. Na murza sitiyari hagu, ya juya a hannuna sakayau kamar ba a haɗa shi da komai ba. Na duba inda nake so in je. Na duba shi sosai, ina kallonsa yana wucewa ta gefen taga. Waino ya ce, "To," a hankali. Muka daki kwalbati, motar ta gangara rami ta kwanta a gefen dama, gefensa.

Bel ya riƙe ni ina reto a samansa. Shi yana ƙasa, kafaɗarsa a jikin ƙofa, ƙanƙara ta cika tagar da ke ƙarƙashinsa. Fuskarsa ta yi fari.

"Tsoho, ka ji ciwo?"

"Ƙuguna. Kada ki faɗo mini, yarinya, ba ki da sauƙin nauyi."

Na dafa na kwance bel, na tura ƙofata sama na fita. Waya babu sabis, a kwarin nan ba a taɓa samu ba. Gida mafi kusa mil huɗu ne, iska kuma tana ɗebo ƙanƙara tana watsawa har ba na ganin ƙarshen gadar. Na san in na tafi, ko dai in ɓace ko in dawo in tarar sanyi ya gama da shi. Na ciro shebur na haƙe bakin salansa don kada hayaƙi ya koma ciki, na ɗaura jan gyalena a kan eriya, na koma. Na lulluɓe shi da bargon ulu da rigata ta sama. Injin ya yarda ya tashi, sai nake kunna hita minti goma in kashe, don ban san abin da ke zuba a ƙarƙashin motar ba.

Awa ɗaya da minti arba'in muka yi a haka. Da farko yana ba ni labarin wani dokin jan gungume da ubansa ya taɓa yi. Daga baya maganar ta fara tsinkewa, ya fara lumshe ido. Na riƙa murza masa hannu ina tsokanarsa don ya tanka.

"Ka ce ka tuƙa mota a kan tafki. Ƙarya ce, ko?"

"Rabi."

"Wane rabin?"

"Akwai tafkin."

Can ya buɗe ido ya dube ni. Ya ce, "Na ji lokacin da suka saki hanya. Ba hannunki ba ne." Na ci gaba da murza masa hannu. Ya ce, "Duane ya faɗa miki tayoyin sun ƙare?" Na ce ya faɗa. Ya rufe ido.

Direban motar share ƙanƙara ne ya hango gyalen. Ya yi kira ta rediyonsa, motar asibiti ta zo, ɗan sandan gunduma ya biyo baya. Suna ɗaure Waino a gadon ɗaukar marasa lafiya ɗan sandan ya buɗe littafinsa ya tambaye ni yadda aka yi. Na ji bakina ya ce, "Barewa ce ta gifta." Ban shirya faɗa ba, fitowa kawai ta yi. Kafin ya ɗaga kai ya nemi sawu, Waino ya ce daga inda yake kwance, "Uku ne, ɗan sanda. Na ƙirga su." Iska ta riga ta share komai. Aka rubuta barewa.

An yi wa Waino aiki a ƙugu washegari. Wankin ƙodar da ya rasa ya ƙara masa wahala, ya kwana biyu bai san inda yake ba. Renae ta taso daga Green Bay, garin da take zaune, ta zo. Muka je gareji tare ganin motar da janwe ya kawo. Duane yana tsaye a kan tayoyin, ya jera su a ƙasa. Renae ta rungume ni ta ce masa, "Ka ga ikon Allah, barewa uku. Wa zai iya kauce musu?" Duane ya dube ni, ya dubi tayoyin, ya ce, "Hanyar nan akwai barewa." Ya juya ya shiga ciki.

A mota Renae ta riƙa cewa, "Ba laifinki ba ne, Mama. Ko Baba ne ke tuƙi haka za ta faru." A coci ranar Lahadi aka yi addu'ar godiya da sunana. Mata suka kawo mini burodi da miya, kowa na yaba yadda na tsaya da shi a cikin rami. Ban iya cin ko loma ba.

Da Waino ya dawo hayyacinsa na je duba shi. Ya rame, bututu a hannu, amma bakin na nan.

"Yaya barewarmu?"

"Tsoho, ba zan iya riƙe ta ba."

Ya yi ƙoƙarin tashi, ciwo ya mayar da shi. "Kada ki kuskura. Ki saurare ni. In kika faɗa, 'yarki za ta karɓe makulli. In ta karɓe, ɗana ya samu abin da yake nema. Za su sa ni a jirgi su kai ni inda za a riƙa yanka mini nama ƙanana ana kirana kaka. Ki sayi sababbin tayoyi ki rufe bakinki."

"Na kusa kashe ka."

"Ni aka kusa kashewa, ni kuma na ce na yafe. Me ya rage?"

"Mutane suna gode mini."

"To ki ce ba komai, kamar kowa."

Na zauna ina kallon hannuna. Ya ce, "Marlys." Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba. "Roƙonki nake."

Kwana huɗu ina ɗauke da roƙon nan. Ranar Alhamis da rana, muna kicin, Renae tana wanke kofuna, na ce mata babu barewa. Na faɗa mata abin da Duane ya ce a Nuwamba, da abin da na mayar masa. Ba ta yi faɗa ba. Ta gama wanke kofin da ke hannunta, ta kife shi, ta goge hannu. Ta je bakin ƙofa ta zare makullin motar daga ƙusa ta sa a aljihun rigarta.

Ta ce, "Da ke ce a gefen dama fa?"

Na ce ban sani ba.

"Sai ƙanƙara ta narke mu yi maganar tuƙi. Ban ce har abada ba. Amma ba bana ba, Mama."

Ban yi gardama ba. Na kira ofishin 'yan sanda na gyara abin da aka rubuta. Na kira ɗan Waino na faɗa masa da bakina. Ya ce zai zo ƙarshen wata. In ya tarar akwai tabbatattun mutane masu kai ubansa kwana uku a mako, zai bar shi ya koma gidansa bayan an sallame shi. In babu, za su tafi tare. Ban ga laifinsa ba.

Saboda haka nake sanarwa a nan, don kada a ɗora wa marigayan abin da ba nasu ba. Ba su ci amana ba. Sun tsufa, sun nuna alama, an faɗa wa mai su, ta ƙi ji. Duk wanda ya kawo mini miya saboda barewa, kwanonsa na nan a wanke, ya zo ya ɗauka, ina neman afuwarsa.

Marigayan sun rasu sun bar akori-kura ɗaya, wadda ke kwance a gareji da karyayyar ƙafar gaba, ana sa ran za ta tashi. Sun bar yayarsu safaya, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin mota ba ta taɓa taka ƙasa ba. Sun bar 'yan'uwansu huɗu na bazara, suna jingine a rumfa ba su san abin da ya faru ba. Sun bar shebur da buhun yashi biyu da igiyar ja da bargon ulu, wanda har yanzu yana asibiti don Waino ya hana a raba shi da shi. Sun bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan garejin Duane Pelkie, inda motar masu narka roba za ta zo ta ɗauke su. Ba za a yi wa'azi ba. Za a sami kofi da burodin da Renae za ta gasa, ita ce kuma za ta kawo ni. Waino ba zai samu halarta ba. Tun ranar Alhamis ɗin nan bai ɗaga wayata ba, ma'aikaciyar jinya ta ce ya ce a faɗa mini barci yake.

Iyalan suna roƙon kada a kawo furanni ko abinci. A kan teburin garejin, kusa da tukunyar kofi, akwai takarda mai layi uku ta masu kai Waino wankin ƙoda, da biro a gefenta. Ana ɗaukarsa ƙarfe tara saura, a jira shi awa huɗu, a dawo da shi. Yana da mita, ba ya son rediyo, kuma zai ce ba ka iya tuƙi ba. Duane ya rubuta sunansa a layin Litinin. Layin Laraba da na Juma'a har yanzu babu kowa.